Majalisa da bayi a shekara ɗaya: tambaya kan Virginia ta 1619

Ɗaliba daga Marwa:

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. A darasin da ake ba mu kan kafuwar Amurka an ce a 1619 Turawan Ingila da ke Virginia suka kafa majalisar wakilai ta farko, kuma a shekarar ce aka sauke musu 'yan Afirka na farko. Ta yaya mutanen da ke neman a yi mulki da shawararsu suka zama masu mallakar bayi? Da niyyar bautar da mutane suka baro Ingila, ko kuwa daga baya abin ya samo asali? Allah ya saka da alheri.

Malamin tarihi, Garwa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Sai an fara duba yadda garin Jamestown, mazaunin farko na Turawan Ingila a Virginia, ya kafu. Kamfanin 'yan kasuwar Landan ne ya kafa shi a 1607 da izinin Sarki James na Ɗaya, kuma riba masu hannun jari suke jira. Zinariyar da aka sa rai ba ta samu ba, yunwa da cuta suka yi ta ɗibar jama'a, har bayan hunturun 1609 zuwa 1610 kimanin mutum 60 kaɗai suka rage a garin. Daga nan aka shimfiɗa dokar soja a hannun Thomas Gates da Thomas Dale, wadda a cikinta satar abinci ko gudu zuwa wurin 'yan asalin ƙasar kan jawo hukuncin kisa. Kin ga ke nan a kan Turawan kansu aikin tilas ya fara.

Taba ce ta juya al'amarin, bayan John Rolfe ya fara nomanta wajen 1612. Shuka ce mai cin hannu tun daga reno da dashe har zuwa shanya, ga shi tana saurin gajiyar da gona. Ƙasa akwai ta, tunda ƙwace ta ake yi daga mutanen Powhatan, 'yan asalin ƙasar, ma'aikata ne babu. Don haka daga 1618 duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgi ana ba shi eka 50, talakawan Ingila kuma suna sa hannu cewa za su yi masa barantaka ta shekara 4 zuwa 7, har ma yana iya sayar da ragowar wa'adin ga wani. Majalisar da ta zauna a cocin Jamestown ranar 30 ga Yuli 1619, da wakilai 22 a ƙarƙashin Gwamna George Yeardley, ta masu gonaki ce, kuma cikin abin da ta zartar har da farashin taba da ladabtar da barori. A ganina babu saɓani, domin masu neman shawara a mulki su ne masu neman hannu a gona.

Ma'aikacin shari'a, Njamena:

Malam ya share fage, ni kuma zan ɗora ta fuskar doka, ƙanwata. Mutum ashirin da 'yan kai da jirgin White Lion ya sauke a Point Comfort, a gaɓar tekun Virginia, a watan Agusta 1619 an ƙwato su ne daga jirgin Fotugal da ya taso daga Angola, aka musanya su da abinci. A lokacin Virginia ba ta da rubutacciyar dokar bauta, shi ya sa wasu baƙaƙe suka samu 'yanci, kamar Anthony Johnson da ya mallaki eka 250 a 1651.

Ƙofar sannu a hankali aka rufe ta. A 1640 barori uku suka gudu aka kamo su: Turawa biyu aka ƙara musu shekara huɗu huɗu, baƙin cikinsu, John Punch, aka yanke masa bauta har mutuwa. A 1662 majalisa ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, alhali a dokar Ingila uba ake bi, wato ubangida na iya haihuwa da baiwarsa ɗan ya zama dukiyarsa. A 1667 ta ce shiga addinin Kirista ba ya 'yanta bawa. A 1705 aka tattara dokokin wuri ɗaya. Majalisar da kika ambata ita ce ta rubuta su.

Dattijo daga Ngaundere:

Jikata, dokar 1662 ɗin nan ita ce ta fi ba ni mamaki, domin a fiƙihun da muka karanta ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne, yana gado, kuma sarakuna da yawa a ƙasashenmu ta wannan hanyar aka haife su. Amma kada wannan ya sa mu wanke kanmu. Adamawa ta yi hare-haren kamun bayi, kuma ƙauyukan bayin da suka noma wa manya abinci ba ɓoyayyu ba ne. Shi ma Bafaranshe da ya zo yana cewa ya hana bauta, mutanen Sara na kudancin Chadi ya kwasa zuwa aikin dogo na Kongo tsakanin 1921 da 1934, inda dubbai suka mutu, kuma sai a 1946 aka soke aikin tilas a doka.

Ɗaliba daga Marwa:

Na gode ƙwarai. Malam, na karanta cewa tawayen Bacon na 1676 shi ya sa masu gonaki suka bar barori suka koma ga bayi. Haka ne?

Malamin tarihi, Garwa:

Yana cikin dalilai, 'yata, domin barori da bayi sun haɗu a rundunar Nathaniel Bacon da ta ƙone Jamestown, kuma hakan ya tsorata manya. Sai dai ni na fi ba kasuwa nauyi. A 1671 Gwamna William Berkeley ya ƙiyasta bayi 2,000 da barori 6,000 cikin mutum 40,000, to amma daga baya masu zuwa barantaka daga Ingila suka ragu, yayin da kamfanin sarauta na cinikin Afirka, wanda aka ba izini a 1672, ya sauƙaƙa samun bayi. Hanyar ma ba sabuwa ba ce a wurinsu, tunda Turawan Ingila na tsibirin Barbados sun mayar da gonakin rake hannun bayi tun daga shekarun 1640, suka kuma rubuta tasu dokar a 1661.