Allurar rage ƙiba: wai wanda ya fara ba shi da ranar dainawa?

Hauwa (Garwa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah kada a mai da ita wasa. Wata goma sha ɗaya ke nan ina yin allurar Ozempic, sau ɗaya a mako. Likita ne ya rubuta mini saboda ƙiba da ciwon gwiwa, ga kuma hawan jini. Na fara da kilo 106, jiya na hau sikeli a farmasi na ga 91. Yanzu so nake in ajiye, don kuɗin biro ɗaya (sirinjin allurar mai kama da biro) ya fi hayar shagona, kuma mai taho mini da ita daga Duwala ya ce ba kullum ake samu ba. To shekaranjiya Kawu ya zo gida ya ce wai duk wanda ya fara allurar nan ba shi da ranar dainawa, in ya daina ma sai ya fi da ƙiba. Tun daga lokacin ban yi barcin kirki ba.

Kawu Sale: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Maganin da za ka sha ka warke ka manta da shi, shi ne magani. Wanda kuwa in ka sake shi ya dawo da kai gidan jiya, sunansa tarko. Mun ga yadda tiramol ta yi da 'yan mashin a garin nan, su ma da ƙwaya ɗaya suka fara.

Goggo Asabe: Ni tun farko ban ga abin da ya kai ki ba, Hauwa'u. Mace da jikinta mai kyau. A lokacinmu sha-ka-fashe 'yan mata suke nema kafin biki, yau kuma kuɗi ake biya a rame. Duniya labari.

Bashir (Ngawundare): Kawu, Allah ya ƙara girma, a ba ni dama in raba maganar biyu, don rabinta gaskiya ce, rabi kuma ba haka ba ne. Kullum ina bayan kanta a farmasi, tambayar nan ba yau na fara jin ta ba. Tiramol in mutum ya saba ya yanke, jiki ne yake kamawa da rawa da gumi da rashin barci, yana neman ƙwayar ido rufe. Sinadarin da ke cikin Ozempic, semaglutide, ba ya yin haka. Kwaikwayon wani sinadari yake yi da hanji ke saki bayan an ci abinci, ana ce masa GLP-1, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a ciki. In aka daina, duk mako rabin abin da ya saura a jini ne yake fita, sai an yi mako biyar zuwa bakwai kafin ya ƙare. Abin da ke dawowa yunwa ce, irin wadda mutum yake da ita tun kafin allurar.

Goggo, abin mamaki ma, sha-ka-fashen da kika ambata, in da deksametazon a ciki, shi ne wanda yanke shi lokaci guda bayan dogon sha kan iya kai mutum asibiti ranga-ranga.

Kawu Sale: To ai ka biyo ta bayan gida ka dawo kan maganata. Yunwa ta dawo, ƙiba ta dawo. Me ya rage?

Bashir: Ba duka take dawowa ba, Kawu, amma ba zan ɓoye wa Yaya Hauwa lissafin ba. Akwai babban gwajin da ake kira STEP 1, aka yi wa mutane allurar mako 68. Bayan an tsayar, aka ci gaba da bibiyar 327 daga cikinsu har shekara guda, sakamakon ya fito a 2022. Waɗanda aka yi wa maganin sun sauke kusan kashi 17 cikin 100 na nauyinsu, cikin shekarar nan kuma kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. In muka auna da ke, Yaya: kin sauke 15, matsakaicin lissafi ya ce 10 za su iya dawowa, ki tsaya wajen 101. Matsakaici ne fa, wasu sun fi haka, wasu ba su kai ba. Da allurar Mounjaro ma, ta kamfanin Eli Lilly, an ga irin wannan.

Hauwa: Innalillahi. 101 bayan duk aman da na sha a watan farko?

Yaya Rabi (Njamena): Bari in sa baki, don ni na taka wannan hanyar. Bara na yi wata takwas, biro ya yanke mini ana saura kwana kaɗan azumi. Makon farko da na biyu lafiya lau, har ina cika baki cewa cikina ya riga ya tsuke. Wajen mako na shida ne na gane kurena. Ƙarfe biyun dare na tsinci kaina a tsaye a madafa, ina cin sauran tuwon jiya da miyar kuka mai sanyi, ko ɗumamawa ban tsaya yi ba. Ba wai kwaɗayi ba, wata irin yunwa ce kamar ana yasar cikina. Kilo 12 na sauke, 9 sun dawo kafin Babbar Sallah. Rigunan da na kai wa tela ya rage mini, yanzu 'yata ce take sawa.

Sadiya (Marwa): Yaya Rabi ki yi haƙuri, amma wannan ai rashin kama baki ne. Ni ban taɓa yin allura ba, na daina shayi mai sukari da makala da safe, na sauka. Mutum ya riƙe zuciyarsa kawai.

Yaya Rabi: Ke da ba ki taɓa wuce kilo 70 ba, Sadiya, bar zancen. Wanda bai sha kiɗa ba shi ke cewa a ƙara.

Bashir: Anti Sadiya, barin sukarin daidai ne, amma zancen zuciya kaɗai zalunci ne ga mai ƙiba. Jikin da ya rame yakan rage ƙone abinci, ya ƙara kiran yunwa, ko da allura aka rame ko da azumin Litinin da Alhamis. Ga kuma wani abu: cikin kilon da ake saukewa ba kitse ne kawai ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka ita ke cin abinci ko mutum yana zaune. Shi ya sa wani bincike na Jami'ar Kofanhegan da ke Danmak, da ya fito a 2024, ya fi burge ni. Da wata 'yar uwar allurar nan aka yi, liraglutide. Shekara guda bayan an tsayar da komai, waɗanda suka haɗa allura da motsa jiki na gaske sun fi riƙe ramarsu nesa ba kusa ba a kan waɗanda allurar kaɗai suka yi. Sai dai tun suna kan maganin suka fara motsa jikin, ba su jira sai biro ya ƙare ba.

Yaya Rabi: Ni kuskurena yankewa lokaci guda. Da an rage mini kaɗan-kaɗan da ban koma ba. Hauwa, ki riƙa rage juyin biron da kanki, ki ja shi ya kai ki wata uku.

Bashir: A'a, Yaya Rabi, nan kam ban bi ki ba. Likitoci da yawa suna saukowa mataki-mataki, daga miligiram 1 zuwa 0.5 zuwa 0.25, yadda aka hau, don mutum ya saba da yunwar a hankali, kuma dabara ce mai ma'ana. Amma ba lamuni ba ce, kuma ba da ka ake yi ba. Biron da aka fara amfani da shi yana da wa'adi, na Turai mako shida ne, kuma bai kamata zafi ya wuce digiri 30 ba. Garwa a watan Afrilu fa, da ɗauke wuta? Ki ja shi wata uku, ƙarshe ruwa kawai kike tsira wa kanki.

Abin da ya fi damuna ma ba maganar sikeli ba ce. Yaya Hauwa, ba kin ce likita ya rage miki ƙwayar hawan jini da kika fara ramewa ba?

Hauwa: E, ya cire guda ɗaya tun watan shida.

Bashir: To a gwajin nan da na ambata, da nauyi ya dawo, awon jini ma komawa ya yi kusa da inda ya taso. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Dole a riƙa auna ki, wataƙila a mayar da ƙwayar. Mai ciwon sukari kuma, irin Baba Alhaji, shi ba a ma maganar ajiyewa sai an shirya abin da zai maye gurbin, don Ozempic tun asali a 2017 don masu ciwon sukari aka amince da shi a Amurka.

Goggo Asabe: Ko dai yarinyar nan ƙanen Hanifa take nema ne take kewaye-kewaye?

Hauwa: Kai Goggo!

Bashir: In ma haka ne, a daina wata biyu kafin a nemi cikin, haka takardar maganin ta ce.

Kawu Sale: Akwai wani yaro da ke kawo mai araha ta Kuseri. In dai ba za ta iya rabuwa da ita ba, gara ta saya a can.

Bashir: Kawu, don Allah kar a fara. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Barazil da Ingila da Amurka. In ya iya kutsawa can, ina ga wanda aka ɗauko a bayan mashin cikin rana? Gara ta daina da sanin likita. In kuma nauyin ya dawo ya hana ta sakat, komawa kan maganin ba abin kunya ba ne, daga ƙaramin mataki ake sake farawa.

Kawu Sale: Ka ji ko? "Komawa." Da bakinka ka faɗa.

Bashir: Na faɗa, Kawu. Ku ma shekara nawa kuna shan ta hawan jini, ban taɓa jin kun kira ta tarko ba.

Kawu Sale: Wannan daban. Ɗan yau ba a iya masa.

Hauwa: Allura uku suka rage a biron da ke firij. Ran Alhamis zan koma wurin likitan da takardar awon jinina, in ji ko zai sauko da ni mataki-mataki. Makwabciyata ta ce mu riƙa zagaya filin Rumde Ajiya bayan sallar asuba, gobe zan bi ta. Wake da ƙwai da kifin Binuwai kuma ba su gagare ni ba, shayin dare ne dai ban san yadda za mu ƙare da shi ba.

Yaya Rabi: Ki sa ido a mako na biyar da na shida. Kada ki bar sauran tuwo a tukunya da dare.

Kawu Sale: Ni dai in Allah ya kai mu Babbar Sallah da sikelina zan zo gidan.