Gashina yana zuba da ɗigon fari a gindi, furfura ce?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 27, wata huɗu ke nan da haihuwata. Jiya da na tsefe kai mataji ya cika taf, kuma duk silin da na ɗaga sai in ga ɗan ɗigon fari a gindinsa. Ga furfura sili biyu a gefen goshi. Wallahi hankalina ya tashi. Mai kitsona ta ce in sa baƙin lalle. Don Allah me kuka gani?

Hajiya Balaraba: Wa alaikumus salam 'yata. Haihuwata shida, kowacce sai kaina ya zube, kuma kafin yaye ya dawo. Ki daina kitso mai jan gaban goshi.

Anti Rabi, nas: Ƙanwata, wannan ɗigon ba furfura ba ce. Kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, kamar santimita ɗaya a wata. A wannan lokacin kaɗai ne wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin saiwar suke zuba masa melanin, sinadarin da ke baƙanta fata da gashi. Idan tsiron ya zo ƙarshe, rinin ke fara tsayawa, saiwar ta tsuke cikin mako 2 zuwa 3, silin ya zauna kusan wata 3 sannan ya faɗo. Guntun ƙarshen nan da bai sami rini ba, shi kike gani. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Lokacin da kike da ciki sinadarin estrogen na jikin mace, wanda ke ƙaruwa da ciki, ya riƙe waɗanda ya kamata su faɗi, da kika haihu ya sauka, shi ne suke zubowa a tare. Sabon da ke fitowa a gurbinsu baƙi ne.

Furfurar gaske kuwa tun daga saiwa take fitowa fara, don ƙwayoyin rinin da ke ramin da silin ke tsirowa sun ƙare. Yawanci gado ne. Amma a shekarunki, ga shayarwa, zan so a duba jininki, da bitamin B12, da aikin thyroid, wato ƙwayar wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo.

Ummu Hanan: Ni dai baƙin lalle nake ja miki kunne. Akwai sinadarin PPD, rinin da ake ƙarawa don ya yi baƙi, a cikin da yawansu. Yayata ta shafa, fuskarta ta kumbura har idonta ya rufe, sai da aka kwantar da ita. In dole ne, ga jan lalle.

Maman Sadik: Anti Rabi, in cire biyun nan? An ce in ka cire ɗaya goma ke fitowa.

Anti Rabi, nas: Ba ya ƙaruwa, ramin da kika cire ne kawai zai sake fitar da fari. Amma yawan tsiga yana kashe saiwa. Ki sa almakashi.

Maman Sadik: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Talata zan kai Sadik rigakafi, sai in nemi gwajin.