Su wane ne suka fara zama a tsibiran Kanari, kuma shin suna da dangantaka da Abzinawa?

Malamin Tarihi, Tawa

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan tsibiran Kanari, waɗanda suke cikin tekun Atlantika daura da kudancin Maroko, kuma suke ƙarƙashin Sifaniya a yau. Yawancin abin da ake faɗa game da su yakan fara ne daga zuwan Turawa, alhali kuwa akwai rubuce-rubuce a jikin duwatsun tsibirin El Hierro waɗanda duk wanda ya taɓa ganin Tifinag a hannun Abzinawan Abalak ko Cintabaraden zai ga kamanninsu nan take. Su wane ne suka yi wannan rubutu, yaushe suka isa can, kuma ta yaya suka ƙetare teku, tun da an ce Turawa ba su tarar da su da jiragen ruwa ba?

Ɗalibar Jami'a, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani ba kama ce ta banza ba, domin masana sun sanya rubutun nan cikin dangin tsohon rubutun Libiyawa, wanda shi ne tushen Tifinag. Mutanen da suka fara zama a manyan tsibiran bakwai Imazigen ne, wato dangin al'ummomin arewacin Afirka da Abzinawa suke cikinsa, kuma binciken ƙwayoyin gado da aka yi a kan ƙasusuwansu, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa sun fi kusanci da mutanen arewa maso yammacin Afirka fiye da kowace al'umma. Ana kiran su Guwance gaba ɗaya, ko da yake asalin sunan na mutanen tsibirin Tenerife ne kaɗai.

Game da lokaci, an daɗe ana cewa sun isa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma da aka sake tantance awon karbon 14 (hanyar gano shekarun tsofaffin abubuwa), aka jingine gawayin da ba a san shekarun itacensa ba, aka dogara ga ƙwayoyin hatsi da ƙasusuwa, sai sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna cewa zaman nasu ya kafu ne tsakanin ƙarni na 1 da na 3 na miladiyya. Kafin zuwansu, Rumawa sun san wurin, domin a ƙaramin tsibirin Lobos an tono masana'antar da suke fitar da rinin shunayya daga dodon koɗin teku, kuma Juba na II, sarkin tsohuwar Mauritaniya (yankin Maroko da yammacin Aljeriya na yau), ya aika da masu bincike can.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kayan da suka tafi da su: awaki da tumaki da aladu da karnuka, da irin sha'ir da alkama da ɓaure. Wanda iska ta ɓatar da shi a teku ba ya isa gaɓa da irin shuka da dabbobin kiwo maza da mata. Waɗannan mutane ƙaura suka yi, da niyyar zama.

Ba'abzinen Abalak

Ina gode wa ƴar'uwa, kuma ina so in ƙara wata hujja da kunnena ya fi ganewa. A 1341 wasu matuƙan jiragen ruwa da suka taso daga Fotugal sun rubuta yadda mutanen tsibiran suke ƙirga: biyar simusetti, takwas tamatti, goma marava. A Tamajak ɗinmu muna cewa sammos, attam, maraw. Sai dai ina roƙon Malam kada ya gaya wa ɗalibansa cewa Abzinawa ne suka tafi can. Mu da su rassa ne na tsohuwar bishiya ɗaya, su suka nufi teku, kakanninmu suka nufi hamada, kuma mai karanta Tifinag na yau ba zai iya zama ya karanta rubutun El Hierro ba, domin haruffa da yawa sun sauya sauti a tsawon ƙarnuka.

Malamin Tarihi, Tawa

Allah ya ƙara sani, na karɓi wannan gargaɗi. Saura maganar jiragen ruwa, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai.

Dattijon Yantala, Yamai

Malam, a nan ne masana suka rabu biyu. Wasu suna ganin Rumawa ne suka kwaso su, ko dai a matsayin ma'aikata ko kuma a matsayin ƴan tawayen da aka kora, kuma tsofaffin marubutan Turawa sun kawo wata tatsuniya da ke cewa an yanke wa kakanninsu harsuna kafin a jefar da su can. Wasu kuma suna ganin da kansu suka zo. Ni na fi karkata ga na biyu, domin tsakanin tsibirin Fuerteventura da gaɓar Afirka kilomita 100 ne kacal ko ƙasa da haka kaɗan, sannan cikin ƙarni biyu ko makamancin haka sun bazu har tsibiran can yamma irin su La Palma da El Hierro, waɗanda babu wata riba da za ta sa wani ɗan kasuwar Rum ya yi ta jigilar makiyaya da awakinsu zuwa cikinsu.

Yadda suka rabu da teku bai kamata ya ba mu mamaki sosai ba. Tsibiran na aman wuta ne, babu ma'adinin ƙarfe a cikinsu, saboda haka da wuƙaƙe da gatura da suka zo da su suka ƙare sai suka koma ga ƙashi da ƙaho da baƙin dutse mai kaifi. Iskar arewa maso gabas da igiyar ruwan wurin duk kudu maso yamma suke turawa, wanda kuma ya kuskure tsibirin da ya nufa babu abin da ke gabansa sai buɗaɗɗen teku. Sana'ar da ba a yin ta tsara biyu ko uku takan mutu tare da masu ita. Duk da haka wani injiniya ɗan Italiya, Leonardo Torriani, ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 16 cewa mutanen Gran Canaria suna fafe kututturen itace su yi kwalekwale, don haka ba za a ce sun manta da ruwa ɗungurungum ba.

Sun shafe fiye da shekara 1,000 kowane tsibiri da nasa hali. A Gran Canaria noma ya yi ƙarfi har suka sassaƙa rumbunan gayya a jikin dutse, kamar na Valerón mai ramuka fiye da 300. A Tenerife kiwo ya fi yawa, suna da sarakuna tara, kuma suna busar da gawarwakin manyansu su naɗe da fatun awaki su ajiye a kogo. A El Hierro, inda ruwa ke da wuya, sun dogara ga wata bishiya mai suna Garoé wadda ganyenta ke tara hazo ya ɗiga cikin ramukan da ke gindinta, har guguwa ta kayar da ita a 1610. Mu mutanen Sahel mun san darajar irin wannan dabara.

Ibn Khaldun ma ya ambaci tsibiran a Muƙaddima da sunan Aljaza'irul Khalidat. Ya ce jiragen Turawa sun kai wa mutanensu hari a tsakiyar ƙarninsa, wato ƙarni na 14, suka kama wasu suka sayar a gaɓar Maroko, kuma da waɗannan bayi suka koyi Larabci sai suka ba da labarin cewa da ƙaho suke huɗa saboda rashin ƙarfe, sha'ir ne abincinsu, awaki ne dabbobinsu, da duwatsu suke yaƙi.

Ɗalibar Jami'a, Yamai

Baba, ka yi bayani mai gamsarwa, amma kada a bar ɗalibai da tunanin cewa mutane marasa ƙarfe sun miƙa wuya cikin sauƙi. Bafaranshe Jean de Béthencourt ya sauka da mayaƙansa a tsibirin Lanzarote a 1402, Gran Canaria ba ta faɗi ba sai 1483 bayan yaƙin shekara biyar, Tenerife kuwa sai 1496, bayan da mayaƙan sarki Bencomo suka ragargaza rundunar Sifaniya ta Alonso Fernández de Lugo a Acentejo a 1494. Annoba da bauta da aikin gonakin rake su ne suka ƙarasa abin da takobi ya fara, harshen kuma ya mutu. Jinin dai bai ƙare ba, domin binciken nan na 2017 ya kiyasta cewa kashi 16 zuwa 31 cikin ɗari na gadon mutanen Gran Canaria na yau daga gare su yake, har yanzu ana cin garin soyayyen hatsinsu mai suna gofio, kuma maganar fito ta La Gomera, wadda UNESCO ta amince da ita a 2009, daga wurinsu aka gaje ta, sai dai yanzu Sifaniyanci ake fitowa da ita.