Ƙafata ta fara warkewa, ina zan ɗan taka a Jos?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Sati bakwai kenan da na zame a bakin kwata ina saukowa daga Keke, ƙafar dama ta gurɗe, da aka yi hoto sai aka ga ƙashin gefe na wajen ƙaramin yatsa ya tsage. An ɗaure min ita, yanzu an kwance, likita ya ce in fara takawa kaɗan-kaɗan. Toh ni duk Asabar sai mun hau dutsen Shere da abokai, wlh zaman nan ya ishe ni, daga katifa sai tabarmar ƙofar gida, sallah ma a kan kujera nake yi. Ba Shere nake nufi ba, dutsen da ya haura mita 1,800 ai ya fi ƙarfina yanzu. Wuri nake so shimfiɗaɗɗe inda zan yi kamar minti talatin in sha iska in ga itatuwa. Da safe ƙafar lafiya lau, amma da yamma takan kumbura har shatin safa ya fito. Ina kuke ganin zan je?

Baban Yara:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi ƙanena. Ka je Miziyam, gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe tun 1952 ɗin nan. Ka zagaya ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya, akwai inuwa, in ka gaji ka zauna, kuma cikin gari ne in ƙafar ta ƙi sai ka tari Keke ka koma gida. Assop kam, inda ruwa ke zubowa daga dutse, kada ma ka fara, duwatsun bakin ruwan santsi gare su.

'Yar Rikkos:
Yaya sannu da jiki. Ni targaɗe ne kawai na yi bara, bai kai naka ba, amma gaggawa ta sa na ƙara kwanciyar wata guda. Na ga ina zuwa kasuwa ba ɗingishi sai na bi ƙawaye wani ɗan tudu, hawan bai dame ni ba ko kaɗan, gangarowa ce ta kayar da ni sbd duk nauyin jiki kan ƙafar yake sauka ga tsakuwa tana mirginawa, ina taka wani ɗan dutse idon sawun ya sake juyawa, a wurin na zauna ina hawaye.

Abin da mai fisiyo, wato mai gashin ƙashi ta asibiti, ta koya min daga baya, ka tsaya kusa da bango ka ɗaga lafiyayyar ƙafar, ka ga ko mai ciwon za ta ɗauke ka sakan 30 ba rawa ba zafi. In ba ta iya ba, toh ba ta shirya wa ƙasa mai kwazazzabo ba tukuna. Sandar kuma a hannun hagu za ka riƙe tunda dama ce mai ciwon, da yawa a ɓangaren ciwon suke riƙewa kuma kuskure ne. Ka sa kambas mai taurin ƙasa ka ɗaure igiyar sosai, banda silifas dan Allah. In ka dawo ka ɗora ƙafar kan filo, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka sa minti 15. Kumburin yamman nan da ka faɗa, ka gaya wa likitanka kafin ka fita, naka ƙashi ne fa.

Mai Shayin Bauchi Road:
Wildlife Park, gidan namun dajin nan fa? Ko bakin ruwan Rayfield da yamma. Amma gaskiya Wildlife ɗin da faɗi, mutum sai ya yi nisa bai ankara ba, kuma dole dai da ƙafar za ka dawo get. In minti talatin ne ka juyo a na sha biyar. Kuma kada ka fita da asuba cikin sanyin nan namu, ka bari rana ta ɗaga.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanwata na gwada tsayuwar yanzun nan, sakan 12 na yi na dafa bango. Ranar Talata zan koma asibiti, zan yi masa maganar kumburin, in ya amince sai mu je Miziyam ɗin da yaron yayana ya riƙe min ruwa. Baban Yara, suna buɗewa ranar Asabar kuwa?