Wai hanyar cinya ta zama tarihi a aikin kateta na zuciya, wato zura siririn bututu ta jijiyar jini zuwa zuciya?

Likitan zuciya: Ni dai a ganina, yanzu babu dalilin huda jijiyar gindin cinya. Binciken MATRIX na 2015, a kan mutum sama da 8,000 masu ciwon zuciya na gaggawa, ya nuna shiga ta jijiyar wuyan hannu na rage zubar jini da mace-mace. Ga shi mutum na tashi zaune da an gama.

Likitan tiyatar jijiyoyi: Dakta, ka yi saurin yanke hukunci. Bututun hannu yawanci 6F ne (F ma'aunin kaurin bututu ne), kusan milimita 2. In za a sa sabon bawul na zuciya da bututun 14F, ta ina zai bi? Mai ciwon ƙoda kuma a bar masa jijiyar hannunsa, domin gobe za a nemi ta don wankin ƙoda.

Ma'aikaciyar jinya: Ku dai ku tuna hannun ma yana da nasa. Jijiyar kan ƙanƙance ta riƙe kateta, shi ya sa ake zuba berafamil da naitiro, magungunan buɗe jijiya, tun farko, a ba da hefarin, maganin hana daskarewar jini, kada ta toshe. Wajen rufewa da TR Band, maɗaurin wuyan hannu mai iska da ke danne hujin, ba a cika shi da iska a tafi. Ana rage iskar har jini ya ɗan ɓullo, a mayar da mililita 1 ko 2, sannan a duba jini na wucewa. Matsewa da yawa ita ke toshe jijiyar.

Likitan zuciya: Na yarda da batun bawul, Sista ma ta yi gaskiya. Amma haɗarin cinya fa? A huda sama da iyaka, jini ya zuba ta bayan ciki ba a gani sai hawan jini ya faɗi. A huda ƙasa, jijiya ta yi kumburin jini.

Likitan tiyatar jijiyoyi: Ai laifin hudawa ne, ba na hanyar ba. A nemi saitin kan ƙashin cinya, a shiga da sikanin. Danna hannu na minti 15 zuwa 20 da kwanciyar awa 4 zuwa 6 ya wadatar wa 6F. Angio-Seal, na'urar rufe huji mai 'yar ƙugiya a cikin jijiya, na gajarta kwanciyar, amma ban da jijiya mai tauri da ƙanƙanta, ƙugiyarsa kan toshe ta. Babban bututu kuwa, a sa ɗinki biyu da ProGlide, na'urar ɗinke jijiya, tun kafin a faɗaɗa hujin.

Ma'aikaciyar jinya: Kuma ko da na'ura aka rufe, sai an riƙa taɓa bugun jini a ƙafa.