Kod ɗin P0135 ya ƙi tafiya: sensa ce ko waya?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum manya. Mota tana kunna wutar cek, na'urar duba matsalar mota ta nuna kod P0135, kuma shan mai ya ƙaru. A sayo sabuwar sensar iskar oksijin kawai?

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sayi komai tukuna. P0135 magana ce ta layin hitar da ke cikin sensa ta farko, wadda take auna oksijin a hayaƙin salansa kafin katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi. Sensar ba ta fara aiki sai zafinta ya haura digiri 300 na Salsiyas, shi ya sa aka sa mata hita. Fara da fiyus. In lafiya yake, zare soket ɗin sensar, ka nemi wayoyi biyu masu launi ɗaya, su ne na hita. A sensar kamfanin Denso baƙaƙe ne, a ta Bosch farare. Sa mita a kan om, ma'aunin turjiyar waya, ka auna tsakaninsu inji na sanyi. Yawanci za ka ga om kaɗan, ƙasa da 30, gwargwadon mota. In mita ba ta nuna komai ba, hita ta ƙone. In ta nuna daidai, koma ɓangaren mota: kunna makulli ka ga ko 12V na isowa. Ɗayar wayar kwamfutar mota ce ke ba ta nagatif, don haka a bi ta har can.

Injiniya: Haka ne Oga. In ƙara da cewa a bi wayar da hannu, ba da ido kawai ba. Sau da yawa a jikin salansa take kwanciya, roba ta narke, ta riƙa ƙona fiyus. A leƙa cikin soket ma, koren tsatsa ko fil da ya saki ya isa ya kawo wannan kod.

Mai Tambaya: To idan P0131 ko P0133 ne fa, Injiniya?

Injiniya: Wannan kuma siginal ne. Inji ya yi zafi, riƙe totur wajen juyi 2,500 a minti, ka kalli na'ura. Lafiyayyar sensa tana hawa da sauka tsakanin 0.1V da 0.9V ba tsayawa. In ta maƙale a ƙasa, duba ko salansa na yoyo kafin sensar, domin iskar waje na shiga ta ruɗe ta. Gaskit ɗaya ya lalace, sai a yi ta sauya sensa a banza. Amma Toyota da yawa na amfani da sensar auna iska da mai a gaba, ita wajen 3.3V take zama a na'ura, ba ta lilo. Kada a ce ta mutu.

Baba Makanike: Yara, in ta tabbata sai an canza, a kwance ta da sifanar soket mai tsaga lamba 22, salansa da ɗumi-ɗumi, bayan an fesa man sassauta tsatsa. A fara ɗaura sabuwar da hannu don kada zare ya ci, sannan a matse wajen 40Nm a sifana mai auna ƙarfin matsi. Maiko a zare kawai, kada ya taɓa bakinta. Kuma a guji yi wa wayarta dalma, wasu sensocin ta cikin wayar suke shaƙar iska. A sayi mai soket irin na motar.

Oga Rewaya: Baba ya gama magana. Sai dai a duba bakin tsohuwar: fari fat alamar silikon ne ko ruwan lagireto, baƙin toka kuma fetur ya yi yawa. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma haka za ta mutu. Bayan aiki a goge kod, a zaga da motar, a sake duba na'ura.