Waye ya taɓa zama a Filifin? Ina neman shawara kafin mu tashi

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta samu gurbin karatun nas a Manila, kuma Baba ya ce ni zan raka ta in ga inda za ta zauna kafin in dawo Gombe. Maganar biza da tikiti mun gama, ta Doha za mu bi. Abin da ke damun Hajiyarmu shi ne abinci da sallah, kullum sai ta ce an ce mata mutanen can alade kawai suke ci, ni kuma ban da abin da zan ce mata. Dan Allah wanda ya taɓa zama ya faɗa min gaskiyar yadda rayuwar yau da kullum take, ba irin na bidiyon masu yawon buɗe ido ba da kullum bakin teku suke nunawa.

Baban Iman:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na zauna a Manila lokacin da ofis suka tura ni kwas, toh bari in fara da maganar Hajiya don ba ƙarya aka faɗa mata ba, kawai dai an ƙara gishiri. Alade shi ne naman da ya fi yawa, kuma matsalar ba ita ce wanda aka gasa ɗungurungum aka ajiye kana gani ba, wannan ai ba mai yaudararka. Matsalar ita ce wanda ke ɓoye. Za ka shiga ƙananan gidajen abincin unguwa da suke kira karinderya, tukwane a jere kana buɗewa kana zaɓa, ka ga miyar ganye ko wake ka ce alhamdulillah ga nawa, ashe an yanka ƙananan alade a ciki ko an soya albasar da kitsensa. Kuma in ka ce ba ka cin nama sai mai abincin ta yi murmushi ta ce kaɗan ne kawai a ciki, ita a ganinta ba komai ba ne, wlh ba da mugunta take yi ba. Don haka ƙanwarka ta haddace: baboy alade, manok kaza, baka naman sa, isda kifi. Tana tambaya "may baboy?", wato akwai alade a ciki, za su gane. Ni dai kifi ne ya riƙe ni, ga shi da araha ga yawa tunda ƙasar tsibirai ce sama da 7,000, sai ƙwai da shinkafa.

Shinkafa kam safe rana dare, fara ƙal ba mai ba gishiri, in ba ta a faranti toh a wajensu ba a ci abinci ba tukuna. Akwai miyarsu sinigang mai tsami da tsamiya ake yi, ta kifi ko jatan lande tana da daɗi sosai in ana ruwa. Zogale ma suna ci, malunggay suke ce mishi, a cikin romon kaza suke sawa. Amma yawancin abincinsu zaƙi-zaƙi ne ba yaji, har taliyar shahararren gidan abincinsu Jollibee sukari ne a ciki, ita ma a kiyaye saboda tsiran alade da ake yankawa.

Sallah ba matsala in kana Manila. Akwai Masallacin Zinare a unguwar Quiapo, an gina shi a 1976 zamanin shugaban ƙasar na lokacin Ferdinand Marcos saboda Gaddafi zai kawo ziyara, ƙarshe ma bai zo ba, masallacin ya zauna. Kewaye da shi duk Musulmi ne 'yan tsibirin Mindanao da ke kudu, da gidajen abinci na halal da mahauta da masu sayar da hijabi, can nake zuwa juma'a in sayo naman sati. Akwai wani kuma a Maharlika cikin Taguig. Sallah ƙarama da babba duka hutu ne na ƙasa. Ka saukar da manhajar alƙibla a waya, don a can yamma ake fuskanta, ranar farko jikina ƙin yarda ya yi.

Zirga-zirga kuma jeepney, doguwar mota mai kujeru biyu suna kallon juna, asalinta motocin sojan Amurka ne da suka bari bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙara musu tsawo aka shafe su da fenti kala-kala. Yawanci ba kwandasta. Ka miƙa kuɗinka ga na kusa da kai ka ce "bayad po", hannu da hannu har ya isa wajen direba, canji ma ya dawo ta haka ba wanda zai taɓa ko sisi, direban yana tuƙi yana lissafi yana kallon madubi. In za ka sauka ka ce "para po" ko ka ƙwanƙwasa ƙarfen sama da tsaba. Amma gosulo na titin EDSA, hmm, kar ka sa alƙawari da kowa da yamma.

'Yar Azare:
Yaya ni a birnin Davao da ke kudancin ƙasar na yi karatun haɗa magunguna, zan yi magana ta ɓangaren ƙanwar taka. Hijabi ba wanda ya taɓa min maganar banza a kai, sun saba gani. Kallo dai za ta sha shi saboda baƙar fata, yara su bi ka suna dariya, wata ta nemi taɓa hannunka, wasu kuma su ce ku yi hoto. Da farko abin na ɓata min rai sosai musamman da na ga yadda suke son farar fata, shago ko'ina sabulun bilicin, amma da na saba da 'yan ajinmu sai na ga galibi rashin sani ne. Akwai masu raini kam, ba zan ce babu ba, mai gidan haya ɗaya ta fito fili ta ce ba ta ba 'yan Afirka ɗaki.

Abin da ya burge ni girmama manya. Yaro zai kama hannun babba ya ɗora a goshinsa, mano suke ce wa abin, kuma ba a kiran wanda ya girme ka da sunansa gatsal sai an sa kuya ga namiji ate ga mace, har direba da mai shago. In ta iya sa "po", kalmar girmamawa, a ƙarshen magana tsofaffi za su so ta. Kuma ba sa cin abinci a gabanka ba tayi, ko mai gadi ne da ɗan kwanonsa sai ya ce kain tayo, a zo a ci. Banɗaki akwai ruwa da ɗan moɗa da suke kira tabo a kusan kowane gida, so tsarki ba wahala, a manyan kantuna ne wani lokaci za ka ga babu, ni da ƙaramar gora nake yawo a jaka.

Ta shirya wa hayaniya kawai. Maƙwabta za su kunna na'urar waƙa su yi ta rerawa har tsakar dare ko muryar ba daɗi, zakarun da ake kiwo don faɗa kuma su karɓa tun kafin asuba. Daga Satumba an fara waƙoƙin Kirsimeti kenan sai Janairu. Sannan a gaya wa Hajiya sun riga mu da awa 7, kar ta kira bayan isha'i ta ce yarinya ba ta ɗauka, lokacin can ƙarfe uku na dare ne.

Na Muda Lawal:
Ni fa ba na ba da shawarar a kai yarinya can. Ba nan ne aka yi yaƙin Marawi a 2017 ba? Ga guguwa kullum a labarai.

Baban Iman:
Malam, Marawi tana Mindanao ne can kudu, daga Manila sai an hau jirgi, kuma yaƙin ya ƙare a shekarar. Tun 2019 ma Musulmin yankin suna da gwamnatinsu ta Bangsamoro. Guguwa kam gaskiyarka, kusan 20 ke shigowa yankinsu a shekara, sun fi yawa daga Yuni zuwa Nuwamba, ta 2013 da ta daki Tacloban ta kashe dubbai. Amma ana sanarwa tun kwanaki kafin ta iso, a rufe makarantu. Abin da zan ce wa ɗan uwa, in za ku kama ɗaki ka tambayi masu shagon layin ko ruwa na shiga, kar ka tambayi mai gidan, kuma ku nemi bene. Waya kuma a riƙe ta da kyau a Quiapo da cikin jirgin ƙasa, 'yan sane na nan.

Tsohon Malami:
Yarana kun tuna min da. A shekarun 1970 zuwa 1980 makarantun sakandaren arewa cike suke da malamai 'yan Filifin da Indiyawa, wadda ta koya mana lissafi a Bauchi 'yar can ce, kullum da lema a hannu saboda rana. Turancinsu daga Amurka suka samo, su suka mulke su har 1946, kafin nan Sifaniya ta yi sama da shekara 300, shi ya sa sunayensu galibi irin na Sifaniyawa ne. Musulunci kuwa ya riga Kiristanci shiga ƙasar, tun wajen 1380 a tsibiran Sulu da ke kudu. Allah ya ba yarinya sa'a, ya sa a gama lafiya.

Ɗan Jekadafari:
Amin Baba, na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya duka, ta ɗan saki jiki amma yanzu ta tashi haɗa kaya, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, har da kilishi ta ce a yi oda. Anti 'yar Azare duk za su wuce kuwa?

'Yar Azare:
Kuka da yaji da daddawa na sha shiga da su a jakar da ake aunawa, a ɗaure su sosai a leda biyu-biyu musamman daddawar kar ta ɓata mata kaya, in an ba ku takardar kwastan ku rubuta. Kilishi kam a bar shi, ba sa barin nama ya shiga, za su karɓe a filin jirgi. Kuɓewa ma kar ta wahalar da kanta, ɗanya na nan a kowace kasuwa. Man shanu ne babu, shi za ta yi kewa.